Rigar da Na Ɗinka wa Ƴar Ja

Makon jiya ɗana na biyu ya ɗauke ni a mota daga nan Banifandu, unguwarmu a Yamai, wai sai na je na ga garkar, wato lambun, da ya yi a bayan gari. Ni kuwa ba mai son fita ba ce, duk wanda ya san ni ya san haka. In ba suna ko gaisuwar mutuwa ba, sai in yi sati ban leƙa ƙofar gida ba. Amma na je. Na tarar da ruwa yana ta kwarara, fangali bayan fangali, salati ya yi kore shar. Na tsaya ina jiran in ji abin da ke jawo ruwan, ban ji kome ba sai kukan kurciya. Ya nuna mani waɗansu allunan gilashi da aka jera suna kallon sama, ya ce rana ce ke yin aikin. Na ce masha Allah. Amma a raina na ce, to wannan abin, ranar da ba shi da lafiya, yaya za a yi a sani? Abin da ba ya magana ai ba ka san cikinsa ba. Tun a hanyar komowa nake ta dariya ni kaɗai, yana tambayata mene ne, na ce bari dai, sai na rubuta, tun da yaƙi da jahilci ya bar mani ɗan abin da zan riƙe alƙalami da shi.

Lokacin da abin da ya ba ni dariya ya faru soji ke mulki, kuma shekarar ce da sama ta ƙi mu ƙememe. Damina ta zo ta wuce kamar baƙon da ya yi sallama daga waje bai shigo ba. Gulbin Yamai da muke ganinsa kamar ba zai taɓa ƙarewa ba ya dinga ja da baya, har yara suna wasa a inda jiragen masunta ke wucewa da. Kullum da safe rediyo na cewa kowa ya tashi ya yi noman rani, kada a zauna jiran jar dawar taimako. Jar dawar nan kuwa mun ci ta, ba don daɗi ba. Sai ka surfa ta, ka wanke, ka sake wankewa, tuwonta ya fito da kalar bangon laka. Ni a lokacin amarya ce, ban cika shekara ba a gidan mijina. Gidan yana kusa da gulbi, zana ɗaya ce ta raba tsakar gidanmu da garkar surukina, wanda muke ce wa Baba. Yau wurin duk benaye ne, ko kututturen mangwaro ɗaya ba a bari ba. A da kuwa in na zauna bakin murhu, duk abin da ake yi a garkar a kunnena yake: ƙarar hauya, tarin Baba, da muryar Ƴar Ja.

Ƴar Ja wata tsohuwar ƴar tarakta ce mai ƙafa biyu, irin wadda mutum ke riƙe ta ta baya yana bin ta. Wani Bature mai aikin gona ne ya bar wa Baba ita da zai koma ƙasarsu, saboda sun daɗe suna tare. Da safe ta yi huɗa, in rana ta ɗaga a kafa ta bakin rami, a ɗaura mata bel, ta juya pampo ta jawo ruwa daga inda gulbi ya gudu ya tsaya. Albasa, shu (wato kabeji), salati, tumatir, duk da ita suke sha, mu kuma da su muke ci. Gida mai baki goma sha wani abu, ba gero a rumbu, to ka ga ita ce rumbun. Baba mutumin Damagaram ne, asalinsu Barebari, kuma kafin ya zo Yamai manomi ne mai shanun huɗa. Farin da aka yi can baya shi ya cinye mashi su, yana ji yana gani. Saboda haka bai taɓa ɗaukar Ƴar Ja a matsayin ƙarfe ba. Kafin a tashe ta sai ya shafa bayanta ya yi bismilla. In ta yi aiki da yawa ya ce a bar ta ta huta, ta sha iska. Yakan ce wa ƴaƴansa, “Duk abin da ke ci da ku, ku riƙa gaishe shi da safe.” Suna dariya a ɓoye, amma suna yi.

Ni kuwa Allah bai ba ni karatu ba, ya ba ni kunne. Tun ina ƙarama in aka yi daka a gida na uku nakan san wace ce ke riƙe da taɓarya. Muryar Ƴar Ja na san ta kamar ta uwata. In tana lafiya, tuk-tuk-tuk-tuk take yi, daidai wa daida, kamar mata biyu masu shiri suna luguden turmi ɗaya. In aka ɗaura mata pampo muryar ta ƙara kauri. Da ita nake sanin lokacin ɗora tukunya da lokacin sauke ta.

Da zafi ya shigo sosai, sai Baba ya fara damuwa. Ya ga rana na dukan Ƴar Ja tun hantsi har la'asar, in ka taɓa ta sai ka janye hannu. Ya ce shi ko jakinsa bai taɓa bari a rana haka ba. Ya aiko maigidana ya ce, tun da amarya ta iya ɗinki, ta ɗinka wa Ƴar Ja riga. Ku da kuke zamanin yanzu ba za ku gane abin da wannan saƙo ya zama gare ni ba. Jikata tana zaune kujera ɗaya da uban mijinta suna kallon tele, har tana ce mashi ya miƙo mata abin canza tasha. Mu kuwa suruki ba a kallon idonsa, ba a faɗin sunansa, ba a yi mashi magana sai gaisuwa a durƙushe, ita ma kai a ƙasa. In ya shigo ta nan, ka fita ta can. To ga shi ya san ina da wani amfani, har ya nemi abu a hannuna. Ai sai na zage. Na sami buhunan algarara biyu masu kauri, na sa masu shafi da tsohon bargo don kada zafi ya ratsa, na sa maigidana ya auno mani moter ɗin, wato injinta, da igiya, tsawo da faɗi. Na yanka ta cif da jiki, na bar ƙofa ɗaya ta igiyar tayarwa, ɗaya ta bututun hayaƙi, ɗaya ta bel. Na yi mata maɓallai huɗu, har da ɗan ado na jan zare a baki. Ranar wata Juma'a aka sa mata. Maƙwabtanmu Zabarmawa suka zo kallo suna ta “Fofo, fofo!”, wato sannu, sannu. Baba ya ce, yadda zan ji daga bayan zana, “Hannun nan yana da albarka.” Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

Washegari na ji wani abu cikin muryarta. Wani ɗan siririn kyas-kyas, kamar an jefa tsakuwa cikin kwanon sha ana girgizawa. Ba da safe yake zuwa ba, sai rana ta take. Bayan kwana biyu sai ga wani ƙauri yana shigowa, irin na man da aka manta a wuta. Na ce wa maigidana, “Malam, muryar Ƴar Ja ta sake.” Ya ce, “Ke dai da kunnenki! Tsufa ne. Ke ma in kin kai shekarunta za ki yi kyas-kyas.” Na ce ya faɗa wa Baba. Ya ce to, bai faɗa ba. Ni kuwa ina ni ina tunkarar suruki da zancen moter? Na yi shiru ina ji. Kyas-kyas ya koma ƙwal-ƙwal, ƙwal-ƙwal ya ƙara nauyi. Wallahi ko sau ɗaya rigar ba ta zo mani a rai ba. Abin da ka yi da kyakkyawar niyya ai shi ne na ƙarshe da za ka zarga. Ranar kwana na takwas, ina tankaɗe, sai na ji ɓam! Daga nan shiru. Ruwan da ke gudu cikin tiyo ya yi ƴar gurnani ya tsaya.

Aka aika unguwar Kalle a kira Ishaya. Ishaya Ba'are ne na Dogon Dutsi, Kirista, ya koyi aikin moter a garejin ƴan mishan, kuma duk masu garka na bakin gulbi shi suke kira. Kafin ya iso, Baba ya sa aka cire rigar, ya ce kada Ba'are ya ɓata ta da baƙin mai. Aka miƙo mani ita ta saman zana, na wanke, na ninke, na ajiye a ƙasan akwati.

Tun daga nesa na ji ƙarar mobilet, ɗan babur ɗinsa. Yana sauka ya ɗaga murya, “Ina bawan nan nawa Babarbare? Me ka kashe kuma yau?”

Baba ya ce, “Ka ji ɗan banza. Shigo, bawan gidanmu, ka yi aikin da aka saye ka dominsa.”

Arawa da Barebari ai taubasai ne. Abin da ɗan cikin Baba bai isa ya faɗa mashi ba, Ishaya sai ya faɗa yana dariya, a bar shi. Na matso jikin zana na sa ido a wata ƴar kafa. Ishaya ya ja igiyar tayarwa, ta ƙi motsi kamar an ɗaure ta a gindin kuka. Ya kwance buji ya duba, ya sunsuna. Ya zaro ɗan ƙarfen auna mai, ya goga a tafin hannu, ya miƙa hannun cikin rana. Man baƙi ƙirin, yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa. Sannan ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya sa yatsa biyu cikin wani rami a cikin moter ɗin.

Ya ce, “Babarbare, ka yi haƙuri, sai dai a yi mata salla. Ƙarfen da ke tura pistan ya karye ya huda ciki ya fito. Wannan ba gyara, sai sabon moter. Amma abin da ban gane ba, mai bai ƙare ba, matacin iska ba datti. Me ya kashe ta? Yaya ta yi kafin ta tsaya?”

Maigidana ya ce, “Ƙara ta yi.”

“Wace irin ƙara?”

“Ƙara dai. Ta moter.”

“Kai! Barebari da kunne kamar murfin tukunya.”

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mani ba. Ishaya ya juyo ya ce, “Wa ke bayan zana?” Maigidana ya ce, cikin jin kunya, ai iyalinsa ce, ita ce ma ta ce muryar ta sake. Ishaya ya ce, “Madam, don Allah yi mani yadda ta yi.” Ga Baba tsaye. Na ji kamar ƙasa ta tsage. Amma na tuna da fangalin albasa, sai na rufe ido na yi. Na yi mashi tuk-tuk na lafiya, na yi kyas-kyas na ranar Asabar, na ce sai rana ta take yake zuwa, na yi ƙwal-ƙwal na ranar Laraba, na kai har ɓam. Sai Ishaya ya buga cinya ya ce, “Alkawarin Allah, ko likita bai fi haka ba! Zafi ne. Dafuwa ta yi a tsaye. Me kuka sake mata a satin nan? Isansin da take sha? Mai?” Duk suka ce ba su sake kome ba. Kuma da gaskiyarsu suka faɗa, don ba wanda ya lissafa riga cikin abin da ya shafi moter. Ishaya ya girgiza kai ya ce to, zai ci gaba da tunani.

Kwana huɗu muka yi ba Ƴar Ja. Duk gidan aka fita, maza da mata, da bokiti da tulu da garwa. Ruwan ya yi nisa, sai ka ratsa yashi mai zafi kamar toka, ka ɗebo, ka komo ka zuba, ƙasa ta shanye kafin ka juya baya. Baba ya ce a bar salati, a ceci albasa da shu. Muna kallo salatin ya kwanta ya zama kamar tsumma. Ganyen shu ma ya fara laushi, bakin albasa ya yi rawaya. Ishaya ya ce in aka ƙara kwana biyu a haka, sai dai a kira masu awaki.

A rana ta uku ya aiko cewa ya sami moter biyu, amma ba zai zaɓa ba sai an kawo mashi mai kunne. Ni da tun ranar da aka kawo ni ban wuce bakin unguwa ba! Baba ya ce a tafi da ita. Na yafa mayafi, muka shiga taksi, muka wuce sojoji biyu a mararraba suna duba takardu, muka kutsa cikin Kalle, hayaniya kamar za ta fasa mani kai. A garejin ga moter biyu an ɗaure a kan katako. Ɗaya kore, an shafe shi da sabon fenti yana walƙiya. Ɗayan kuwa tsatsa ta ci shi, an ciro shi daga pampon wani mai garka da ruwa ya guje wa gefensu gaba ɗaya. Maigidana tun daga ƙofa ya ce koren. Ishaya ya ce, “Kai yi shiru, ba kai aka gayyata ba.” Ya tashi koren. Yana da daɗin ji da farko, amma da ya ɗan ɗumama sai na jiyo shi can ƙasa, ƙaramin ƙwal-ƙwal, ƙanin wanda ya kashe tamu. Na girgiza kai. Ya tashi mai tsatsar. Ya yi tari, ya yi hayaƙi, sannan ya zauna daram, muryarsa ta fi ta Ƴar Ja kaushi amma ba ƙarya a cikinta. Na ce, “Wannan.” Ishaya ya ce, “Ni ma shi na zaɓa, so nake wannan mijin naki ya ji daga bakin da ba zai iya musu da shi ba.”

Sa shi kuma wani aiki ne. Washegari tun da sassafe aka kawo shi a kura. Ishaya ya kwance ƙusoshi huɗu, maza uku suka ɗaga mataccen suka ajiye gindin mangwaro, Baba yana ta “A hankali, a hankali,” kamar gawa ce. Da aka ɗora sabon sai ramukan ƙusa suka ƙi haɗuwa, biyu sun dace, biyu sun kauce da kamar faɗin yatsa. Ya yi alama da alli, ya ɗauko abin huda na hannu, yana murzawa yana zagin Baturen da ya ƙera ta da wanda ya ƙera moter ɗin, wai ko gaisawa ba su yi. Sannan ya nemi zare. Na miƙa mashi na ɗinkina ta saman zana, ya ja shi daga wannan gargare zuwa wancan don bel ya tafi sak, yana ɗan bugun moter ɗin da guduma har zaren ya kwanta daidai. Bel ɗin da ya zama ya yi tsawo, ya sake wani. Ya zuba sabon mai, ya zuba isansi. Kafin azahar ya miƙe yana share hannu ya ce an gama.

Sai Baba ya ce, “Dakata, ba a tashe ta tsirara ba. A kawo rigarta.”

Na ruga ɗaki da murna na ɗauko ta, a ninke, tana ƙanshin sabulu. Maigidana ya karɓa ya shimfiɗa a kan moter ɗin, ya fara sa maɓalli. Ishaya ya tsaya da kwalbar mai a hannu, baki buɗe.

“Mene ne wannan?”

Baba ya ce, da alfahari, “Riga. Don rana. Ku Arawa ina kuka san tausayi?”

“Tun yaushe take sa ta?”

“Tun waccan Juma'a.”

Ishaya ya ajiye kwalbar a hankali. Ya zauna a ƙasa. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, hawaye na zuba. “Wayyo Allah na! Kwana huɗu ina fasa kaina! Babarbare, moter ɗin nan da iska yake rayuwa. Ka ga wannan farfelar? Ita ke hura mashi iska ta waɗannan haƙarƙarin. Ka toshe mashi hanci, ka lulluɓe shi da bargo cikin wannan zafi, ka ce ya yi ta gudu. Kai ko kai ne aka sa wa bargo aka ce ka yi huɗa da azahar! Har da maɓalli! Wa ya ɗinka wannan likkafani?”

Na zame na zauna jikin zana, na ce shi ke nan, salati ya tafi, moter ya tafi, duk da allurata. Na ji Baba ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Ni na kashe ta. Ni na ce a ɗinka. Yarinya abin da aka sa ta ta yi, kuma ta yi shi da kyau. Da ɗinkin banza ne da iska ta sami wurin shiga.”

Ishaya ya ce, “Wannan gaskiya ne, ban taɓa ganin kisa mai tsabta haka ba.”

Dariya ta ɓarke, har da Baba, har da ni ina share hawaye da bakin zane. Aka cire rigar. Ishaya ya naɗe igiya ya ja, ta yi tari. Ya sake ja, ta kama. Bel ya juya, tiyo ya kumbura ya yi ƴar rawa, sai ga ruwa ya tuɗo, jajir da farko, daga baya ya washe. Yara suka bi shi da gudu suna ihu.

Amma Baba bai ji daɗi ba, yana ta kallon yadda rana ke dukan ƙarfen. Ya ce, “To yanzu haka za a bar ta?” Ishaya ya ce, “Inuwa daga sama ba laifi, gobe ka kafa mata rumfa mai tsawo. Jikinta dai kada a ƙara taɓa shi.” Baba ya juya ya shiga gida. Sai ga shi ya fito da laimarsa baƙa ta zuwa masallacin Juma'a. Ya buɗe ta, ya miƙa hannu ya riƙe ta a saman moter ɗin, shi kuwa yana tsaye cikin rana, tsoho mai furfura, gumi na bin gemunsa. Ƴaƴansa suka ce ya kawo su riƙe, ya ƙi. Haka ya tsaya, ruwa na shiga fangali yana fita, albasa ta sha, shu ya sha, har ya kai na can ƙarshe wajen shinge, wanda muka riga muka fid da rai da shi.

Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ɗaga murya wajen zana ya ce, “A tambayar mani mai kunne. Lafiya take?”

Maigidana ya taso zai zo ya karɓi amsa ya kai. Ban jira shi ba. Na ji bakina ya buɗe da kansa, karo na farko da na amsa wa Baba da bakina tun da na shigo gidan.

Na ce, “Lafiyarta lau, Baba. Kai dai ka shigo inuwa.”